Tsinke Ya Sake Karyewa? Yadda Ake Gano Matsala Wajen Cire Firaima Daga Kwanson Harsashi

A wani daren Asabar, a garejina a jihar Texas, ina shirya kwanson da aka harba don sake cika harsashi, na karya tsinken cire firaima guda uku cikin abin da bai kai rabin sa'a ba. Na farko ya yi ƙas, na ce tsufa ne. Na biyu ya bi sahu, na ce kayan zamani ne ba ƙarko. Da na uku ya tafi sai na zauna ina kallon injin kamar ya ci mini bashi. Washegari na kwashe guntayen na kai wa wani dattijo maƙwabcina da ya daɗe a harkar. Bai ko kalli tsinkayen ba. Ya ce in miƙo masa kwanson da nake aiki a kai, ya haska tocila a cikin guda ɗaya, ya miƙo mini. A ƙasan kwanson, maimakon huda ɗaya a tsakiya, huda biyu ne ƙanana a gefe da gefe. Ashe duk daren nan tagulla zalla nake ta soka wa tsinke.

Tun daga ranar na riƙe abu ɗaya: tsinke ba ya karyewa haka kawai. Shi ne mafi rauni a cikin kayan, da gangan aka yi shi haka, don in an samu matsala ya karye ya ceci sauran. In ka canza shi ba ka nemo abin da ya karya shi ba, sabon ma hanyar zai bi.

Kafin mu shiga, wata magana ta zama dole. Sake cika harsashi sha'awa ce da ta yi ƙarfi a Amurka, inda dokar tarayya ba ta neman lasisi ga wanda ke yi don amfanin kansa, sai in zai sayar. A Najeriya ba haka ba ne. Dokar makamai ta 1959 ta hana ƙera ko haɗa harsashi in ba a wuraren da gwamnati ta keɓe ba, shi ya sa aikin yake hannun irin su kamfanin DICON na Kaduna da aka kafa a 1964. Wannan bayani na wanda ke zaune ne inda doka ta yarda, kuma ya tsaya ne a kan matakin farko kawai, wato fitar da firaimar da ta riga ta ƙone daga kwanson da aka harba.

Ga wanda bai saba ba, firaima ita ce 'yar hular ƙarfen nan da ke tsakiyar gindin harsashi, wadda allurar bindiga ke buga wa ta ba da wuta. Bayan an harba, tana nan maƙale a gurbinta. Ana ɗora kwanson a kan mariƙi, wato ɗan ƙarfen da ke kama gindinsa, a ja hannun injin matsi, fistin, ƙarfen da ke hawa da sauka, ya ɗaga kwanson zuwa cikin dayis, wani bututun ƙarfe da ke ɗaure a saman injin, wani siririn tsinke ya bi ta ƙofar wuta, wato hudar da ke ƙasan kwanson, ya ture tsohuwar firaimar ta faɗo ƙasa. Shi ke nan. In komai lafiya, ƙarfin da ake bukata kaɗan ne, za ka ji 'yar turjiya, sai sauƙi, sai ƙarar faɗuwar firaima. Ka saba da wannan jin a hannunka, domin da shi za ka gane ranar da wani abu ya canza.

Mataki na farko: da ka ji hannun inji ya cije, tsaya

Injin matsi yana ninka ƙarfin hannunka sau da yawa, musamman a ƙarshen jan. Abin da kake ji kamar 'yar taurin kai ce, a bakin tsinke ƙarfi ne mai lanƙwasa ƙarfe. Don haka kada ka ƙara ƙarfi, kada ka jijjiga, kada ka ce bari in gwada sau ɗaya tak. Mayar da hannun a hankali, cire kwanson, ajiye shi gefe ɗaya daban. Shi ne shaidarka. Yawancin mutane a nan suke kuskure, su jefa shi cikin bokiti da haushi, sannan su rasa abin da za su bincika.

Mataki na biyu: binciki kwanson kafin ka taɓa inji

Nan ne gizo ke saƙa, kuma nan zan fi daɗewa.

Fara da kifa kwanson ka bubbuga bakinsa a kan benci. Kwanson da aka tsinto a filin harbi yana zuwa da abubuwan mamaki. Tsakuwa, busasshen laka, har gidan ƙwari. Abin da ya fi yawa shi ne kwanso cikin kwanso: na 9mm yana shigewa daidai cikin na .40 S&W, na .40 kuma ya shige cikin na .45 ACP, ƙaramin .22 kuwa ko'ina ya samu faɗawa yake yi. In an wanke su tare a injin gogewa, sai su manne har ka ɗauka guda ɗaya ne. Tsinke ya sauko ya tarar da gindin wani kwanson a hanyarsa. Maganin wannan kawai shi ne a ware kwanso bisa girmansu kafin wanki, ba bayansa ba.

Sai ka haska tocila ciki ka ƙirga huda. Firaima iri biyu ce a duniya. Akwai ta Boxer, wadda Edward Boxer, wani hafsan sojan Ingila da ke aiki a ma'aikatar makamai ta Woolwich, ya yi wa rajista a 1866. Akwai ta Berdan, ta Hiram Berdan, Ba'amurke da ya yi suna a yaƙin basasar ƙasarsu, ita ma a 1866. Abin dariyar shi ne kowa ya bar ta gida ya ɗauki ta waje: Amurka ta rungumi ta Baturen Ingila, Turai da sojojin ƙasashe da yawa suka daɗe a kan ta Ba'amurken. A tsarin Boxer, 'yar maƙerar da wutar ke tashi a kanta tana cikin firaimar, kwanson kuma yana da huda ɗaya a tsakiya. A tsarin Berdan, maƙerar wani tudu ne a jikin kwanson, daidai tsakiya, hudojin wuta kuma suna gefenta, galibi guda biyu. Tsinkenka tsakiya yake nufa. A kwanson Berdan babu hanya a nan.

Daga waje ba ka iya bambanta su da tabbaci. Mayen ƙarfe yana taimakawa, domin kwanson ƙarfe irin na kamfanonin Tula da Wolf, masu launin toka ko kore, yawancinsu Berdan ne, kuma mayen ƙarfe zai ɗauke su daga cikin tulin. Amma akwai Berdan na tagulla da yawa, musamman rarar kayan soja na 7.62 da .303 da 8mm, waɗanda mayen ƙarfe bai san da zamansu ba. Irin su ne suka ci mini tsinke uku. Ido da tocila ne kaɗai alƙali. Na alminiyam masu haske, waɗanda za ka ga an buga haruffan N da R a gindinsu, ba a yi su don a sake cikawa ba, ware su. Akwai kayan aiki na musamman don ɓamɓare firaimar Berdan daga waje, amma ra'ayina shi ne in ba kana da tsohuwar bindigar da ba a samun kwansonta ba, wahalar ta fi ribar. Zuba su a bokitin masu sayen tagulla.

In huda ɗaya ce, duba ko a buɗe take. Masu goge kwanso da garin totuwar masara ko ɓawon gyaɗar Turawa sun san yadda ƙwaya ɗaya ke toshe ƙofar wuta. Wannan da sauƙi, tsinke yakan ture ta. Wanda ya fi muni shi ne siraran ƙusoshin ƙarfe da ake wankin ruwa da su. Guda biyu sukan haɗu su cushe a hudar gefe da gefe, ko ɗaya ya gitta a ƙasan kwanson. Ƙarfe da ƙarfe ke nan, kuma tsinkenka ne zai sha kashi.

Duba kuma ko hudar tana tsakiya. Wasu kwanson masu arha ana huda su a karkace. Tsinke ya sauko ya daki gefen hudar, ko dai ya zame ya shiga a lanƙwashe, ko ya karye. Irin wannan ba ya gyaruwa. Jefar.

Sai girman hudar. Ƙofar wuta ta yau da kullum faɗinta kusan inci 0.080 ne, wato wajen milimita 2. Amma wasu kwanson gasar harbi, irin na kamfanin Lapua na 6mm BR da 6.5x47 da .308 Palma, an yi su da ƙaramar huda mai kusan milimita 1.5. Tsinke na yau da kullum ba ya wucewa ta nan. Ko dai ya tsaya cak, ko ya kutsa da ƙarfi ya maƙale, in ka mayar da hannu sai kwanson ya zare shi daga dayis ya tafi da shi. In ka ga tsinke tsaye a gindin kwanso kamar kibiya, wannan ne dalili. Sayi siririn tsinke da aka yi don irin wannan huda, kamfanonin dayis suna sayarwa. Wasu sukan faɗaɗa hudar da dirila. Ni ban goyi baya ba, domin kuɗi ka biya don wannan ƙaramar hudar, kuma wanda ya tsara kwanson yana da dalilinsa.

Na ƙarshe a wannan mataki, juya kwanson ka karanta gindinsa. In ka ga haruffan LC da lambobi biyu na shekara, daga ma'aikatar sojan Amurka ta Lake City da ke Independence a jihar Missouri ya fito. In ka ga gicciye cikin da'ira, alamar NATO ce. Kwanson soja ana kalmashe bakin gurbin firaimarsa don kada ta fice a cikin bindiga mai sarrafa kanta. Kalmasar wani lokaci zobe ce kewaye da firaimar, wani lokaci 'yan sara ne uku ko huɗu. Sau da yawa kuma za ka ga wani fenti ja ko kore da aka shafa don hana ruwa shiga. Irin wannan firaima tana fita, amma da ƙarin turjiya, kuma a nan ne tsinke mai rauni ke nuna halinsa. Ja hannun a hankali da ƙarfi iri ɗaya, kada ka fizga. Bayan ta fita, kalmasar tana nan, kuma sabuwar firaima ba za ta zauna ba sai ka kawar da ita, ko da abin dannawa irin Super Swage 600 na kamfanin Dillon, ko da 'yar wuƙar kankare baki. In da wuƙa ne, juyi biyu ko uku ya isa. Wanda ya zurfafa kankara ya lalata gurbin.

Mataki na uku: mariƙi

Wannan ba ya ɗaukar minti biyu amma ana yawan tsallake shi. Cire mariƙin daga kan fistin ka duba ramin da gindin kwanso ke zamewa ciki. Toka da guntun tagulla sukan taru a lungunsa, su hana kwanson shiga har ƙarshe. Kwanson da bai zauna a tsakiya ba, hudarsa ma ba ta tsakiya. Tsohon buroshin haƙori ya isa. Sannan ka tabbatar lambar daidai ce, kuma ka tuna kowane kamfani da nasa lissafin: na 9mm lamba 16 ne a RCBS amma 19 a Lee, na .223 lamba 10 a RCBS amma 4 a Lee, na .308 lamba 3 a RCBS amma 2 a Lee. Mariƙin da ya yi wa kwanso yawa yana barinsa ya karkata. Ka kuma leƙa hudar tsakiyar mariƙin. In tsofaffin firaima sun cushe a ciki, sabuwar ba ta da inda za ta faɗa, sai ka ji kamar ka daki dutse.

Mataki na huɗu: dayis da sandansa

Kwance sandan da tsinke ke jikinsa gaba ɗaya, ka mirgina shi a kan gilashi ko wani abu mai santsi. In bakin tsinken yana rawa sama da ƙasa, ya lanƙwashe. Kada ka ɓata lokaci kana miƙe shi da filaya, ƙarfe ne da aka ƙona ya yi tauri, wanda ya taɓa lanƙwasa ya riga ya raunana. Canza shi. In sandan kansa ne ya karkace, sabon tsinke ba zai yi maka komai ba, sai an canza sandan.

Sai tsawon fitowar tsinke. Ka'idar da aka saba ita ce ya leƙo ƙasan dayis da kusan inci 3/16, wajen milimita 5. In bai kai ba, firaima za ta fito rabi ta tsaya, kwanson ya ƙi zamewa daga mariƙi. Abin da mutum ke yi a nan shi ne ya murɗa sandan ƙasa sosai don ya huta, kuma wannan ne kuskure mafi tsada. A dayis na kwanson bindiga mai tsawo, sama da tsinken akwai wani ɗan ƙwallo mai buɗa wuyan kwanso. In ka sauke sandan da yawa, ƙwallon ne zai daki ƙasan kwanson daga ciki kafin fistin ya gama hawa, duk ƙarfin injin ya sauka a kan sandan, ya lanƙwashe kamar baka. Ga yadda nake saitawa: in ɗaga sandan sama har ya kasa cire firaima, sannan in riƙa saukowa da rabin juyi ina gwadawa, har firaima ta faɗo. Daga nan in ƙara rabin juyi ɗaya in tsaya.

Kafin ka ɗaure notin da ke riƙe sandan, yi wannan dabarar. Bar shi a sake. Ɗora kwanson da aka riga aka cire wa firaima, ɗaga shi a hankali har tsinken ya shiga hudarsa. Yana ciki, sai ka ɗaure notin. Kwanson da kansa ya daidaita maka tsinken a tsakiya.

Dayis na Lee daban yake. Sandansa ba shi da zaren murɗawa irin na noti, wani noti ne mai matsewa ke riƙe da shi, da nufin in ya daki abu mai tauri ya zame sama maimakon ya karye. Dabara ce mai kyau, amma ita ce ke jawo ƙorafin da aka fi ji: sandan yana ta tashi sama ko a kan firaimar da ba ta da wata matsala. Dalili biyu ne. Ko akwai mai a jikinsa, ko ba a ɗaure sosai ba. Zare sandan, goge shi da cikin notin da abin da ke cire maiƙo har su bushe ƙarau, mayar da shi kansa ya yi daidai da saman notin, sannan ka kama jikin dayis da sifana mai inci 3/4, notin kuma da mai inci 1/2, ka ɗaure da gaske. Ɗaurin da ake bukata ya fi yadda hankalinka zai fara yarda. Wasu sukan ɗan goga samfefa a inda notin ke kamawa don ya samu abin riƙewa, kuma yana aiki. Amma in ka ɗaure haka ya sake zamewa, kada ka ƙara ɗauri. Yana gaya maka ne akwai wani abu a kwanson, koma mataki na biyu.

Firaimar da ta fita ta dawo

Wannan ta daɗe tana ruɗa ni. Ka ja hannu, ka ji firaima ta fita, ka mayar, kwanson ya ƙi fita daga mariƙi. Ka duba, ga firaimar nan a gurbinta, ta leƙo kaɗan. Abin da ke faruwa shi ne bakin tsinken yana cusa kansa tsakanin ƙafafun 'yar maƙerar da ke cikin firaimar, ta maƙale masa, da ya koma sama sai ya jawo ta ya mayar da ita bakin gurbin. A inji mai tasha ɗaya abin haushi ne kawai. A inji mai juyawa irin Dillon 550 ko 750, wanda farantinsa ke kai kwanso daga tasha zuwa tasha, ya fi haka, domin farantin zai cije, ko kuma kwanson ya wuce tasha ta gaba a yi ƙoƙarin danna sabuwar firaima mai rai a kan tsohuwa. In ka ji turjiyar da ba ka saba ba wajen zaunar da firaima, tsaya ka duba.

Gyaran yana bakin tsinke. Cire shi, ɗaura shi a bakin dirila, juya shi a kan samfefa mai laushi har bakin ya zama kamar kan ƙwai, ba tsini ba kaifi. Wasu sun fi son su goge bakin a ɗan karkace da magagari, don ya riƙa ture firaimar gefe ta suɓuce. Duka biyun na gwada, duka sun yi. Dayis na ƙaramar bindiga na Dillon suna da sifirin a sandan, wanda ke harba firaimar ƙasa da zarar ta saki, don maganin wannan matsalar.

Firaimar da ta bar zobe

Wani lokaci gindin firaimar ne kaɗai ke ɓallewa ya faɗo kamar murfin gwangwani, bangonta ya zauna a gurbin kamar zobe. In ba ka lura ba sai ka ɗauka gurbin a buɗe yake. Wannan aikin ruwa ne. Kwanson da ya kwana cikin damina a filin harbi, ko wanda aka wanke da ruwa da firaimarsa a ciki aka bar shi bai bushe ba, firaimar takan ci ta manne da bangon gurbin. Ana iya ƙwaƙulo zoben, amma galibi sai an ji wa gurbin rauni. In kwanson 9mm ne ko .223 da ake samu ko'ina, ba ya biyan wahalar. Shi ya sa na koma cire firaima kafin wanki, da dayis na gama-gari wanda ba ya taɓa jikin kwanso, aikinsa cire firaima kawai. Ba ya bukatar mai, ba ya damuwa da dattin kwanso, tsinkensa ya fi ƙarfi, kuma yana hana toka shiga dayis mai tsada. A ganina, a duk kayan wannan aiki babu abin da ya kai shi rama kuɗinsa.

Kwanso ya maƙale a cikin dayis

Ana kukan targaɗe sai ga karaya. In da dayis ɗin da ke matse jikin kwanso kake cire firaima, kuma kwanson na doguwar bindiga ne, dole a shafa masa mai. Ka manta da guda ɗaya, zai shiga da ƙyar, in ka ja baya mariƙi ya yage leɓen gindinsa ya bar shi a ciki. Alamar tana zuwa tun wajen shiga, hannu zai yi nauyi fiye da kullum. In ka tsaya a rabin hanya sau da yawa yana fitowa.

In ya riga ya faru, kada ka kama gindin da filaya kana murɗawa. A dayis na Lee, sassauta notin sama, ka ɗora wani ƙarfe siriri a kan sandan ka buga da guduma, sandan zai turo kwanson waje. A sauran, cire dayis daga inji, sassauta sandan ka ja shi sama iyakar yadda zai tafi don ya kauce wa dirila, ka kifa dayis ɗin a bayis, wato abin matse ƙarfe, da ƙyalle ko katako don kada zarensa ya lalace. Huda gurbin firaimar da bakin dirila lamba 7, yanka zare a hudar da abin yankan zare mai 1/4-20, ɗora wani kofin ƙarfe da ya zauna a kan gindin dayis ya bar wa kwanson wurin fitowa, ka zura ƙusa mai zare ta cikinsa ka riƙa ɗaurewa. Kwanson zai taso a hankali. Ana sayar da waɗannan kaya a haɗe, kuma gara ka saye su tun kafin ranar. In ya yi gardama, saka dayis ɗin a firiza na wasu sa'o'i, tagulla ta fi ƙarfe tsukewa in ta ji sanyi. Ƙwallon buɗa wuya zai fito a cikin kwanson, sai ka yanke kwanson da zarto ka ciro shi.

Inda firaimar ke faɗawa

Injuna irin Lee Classic Cast suna da fistin mai rami, firaima ta bi ta ciki ta sauka a roba. Forster Co-Ax ma yana da bututu da ɗan kofi a ƙasa. Rock Chucker na RCBS kuwa, duk da ƙarfinsa, tiren robarsa ya yi suna wajen barin wasu su tsallake. Uwargida ta sha tsintar su a ƙofar kicin, sun biyo tafin takalmina. In bututu ne, zazzage shi kafin ya cika, domin in ya cika firaima sukan hau kan juna har cikin fistin su toshe hanya. Tokar da ke zuba kuma kamar yashi take, in ta haɗu da man da ke jikin fistin tana cinye shi a hankali har ya fara rawa. Goge fistin bayan kowane zama, ka sa mai kaɗan.

Tokar nan ba datti ba ce kawai. Yawancin firaima ana yin su da wani sinadari mai dalma, kuma ƙurar tana ɗauke da ita. Kada ka ci abinci ko ka sha shayi a bencin, kada ka hura ƙurar da baki, goge da jiƙaƙƙen ƙyalle, ka wanke hannu da sabulu kafin ka shiga cikin iyali. Yara kuwa ba wurinsu ba ne, dalma ta fi yi musu illa fiye da manya. Wanda ke yawan wannan aiki ya nemi likita ya auna masa dalmar jini lokaci-lokaci.

Firaima mai rai

Wata rana za ka zaunar da sabuwar firaima a kife ko a karkace, ka so fitar da ita. Masu ƙera kayan da yawa sun ce kada a yi, kuma ga kwanso mai arha shawarata ita ce ka haƙura da shi. Kada ka yarda da maganar cewa ɗigon mai ko ruwa yana kashe firaima, ba abin dogaro ba ne, wasu sukan tashi bayan sun bushe. In kwanson mai tsada ne har ka ga sai ka yi, to ka tabbatar babu albarushi a cikinsa, ka kwashe albarushi da sauran firaima daga bencin, ka zazzage wurin tara tsofaffi, ka sa tabarau na kariya da abin toshe kunne, ka kawar da fuska da yatsu daga saman dayis da ƙasan fistin, sannan ka ja hannun a hankali kamar mai tatsar nono. Bugu ne ke tayar da firaima, don haka guduma ba ta da wuri a nan, haka ma kayan cire firaima na hannu da ake bugawa. Firaima mai rai da aka kalmashe irin ta soja kuwa, kada ka soma. In ɗaya ta faɗi ƙasa, nemo ta da ido da tsintsiya, ba da injin zuƙar shara ba.

A aljihun bencina yanzu akwai fakitin tsinke na yau da kullum, da siririn guda biyu, da tocila, da mayen ƙarfe ɗaure a igiya. Fakitin nan ya shekara biyu ban buɗe shi ba. Kwanson Berdan ɗin da dattijon ya haska mini kuwa na huda gefensa na rataye shi a ƙusa daidai saman injin, inda idona ke sauka duk lokacin da na kama hannun.